Taku Biyar Daga Bakin Ƙorama

Wata ta rubuto min a ƙasan kashin da ya wuce, wai, "Kozue, ke kam kin cika nuƙu-nuƙu, ki buɗe baki ki faɗa wa yaron nan mana." 'Yar uwa, na ji. Amma ni ce fa wadda ta yi shekara uku a babbar sakandare malamin lissafi bai san muryarta ba. Ko a kanti aka miƙo min abin da ba shi na nema ba, karɓa nake har da godiya.

Waɗanda yau suka shigo, ga inda muke. Gidanmu, gidan Numajiri, ciyawa muke nomawa, kamar rabin garinmu. Mu rene ta, mu yi ta aske ta, in ta yi kauri mu yanke ta falle-falle har da 'yar ƙasarta, mu ɗaure dami-dami, motoci su kai filayen wasa da tsakar gidajen mutane. A ƙasan gonarmu ta gangare akwai 'yar ƙorama. Ita ke shiga kududdufan gidan Sakayori, masu kiwon kifin ado ɗin nan masu ja da fari, daga can ta wuce babban tafki.

Shunpei ɗan gidan Sakayori ne. Allon sanarwar unguwa, wanda ke zagawa gida-gida kowa ya buga hatiminsa, daga gidansu yake zuwa namu, kuma shi ke kawowa. Ya danna ƙararrawa, na buɗe, ya ce, "Numajiri-san, ga allo." Na ce, "An gode." Sai ya tsaya yana kallon takalminsa yana ba ni labarin kifi, wanne ya ƙi cin abinci, wanne jan bayansa ya fara fitowa. Shekara biyu muna haka. In kun ce wannan ba zance ba ne, to ni dai shi ke nan abin da nake da shi.

Bara farkon damina Baba ya zuba taki a gonar gangare, washegari aka kwana biyu ana tafka ruwa. Da rana ta buɗe, ƙoramar ta yi kore kamar an dama ganyen shayi, gansakuka ta rufe kududdufan, wata safiya 'ya'yan kifin Sakayori suka taso ciki sama. Baba ya ce zafi ne ya kashe su. Baban Shunpei ya ce zafin da ake sayarwa a buhu. Tun daga ranar ba a ƙara danna mana ƙararrawa ba. Allon sai dai a cusa shi a akwatin wasiƙa, na fito na tarar rabinsa a waje yana shan raɓa.

Shekara guda ke nan. Har yau in na ji ƙarar babur a hanyar gidanmu sai na ajiye abin da ke hannuna.

To, mu dawo bana.

Ranar Litinin muna karin kumallo, Baba ya jingina da matashi saboda bayansa da ya riƙe, warin man shafawarsa har ya danne ƙamshin miya. Kakata, Bachan, tana ta juya wake mai yauƙi da tsinke.

"Ƙarshen wata mai sayen zai zo," in ji Baba. "Filin makaranta ne, so yake ya ga kore shar. Gobe ki zuba taki a gonar gangare. Buhu goma sha biyu."

"An ce jibi akwai ruwa mai ƙarfi," na faɗa wa kwanon shinkafata.

"Shi ya sa na ce gobe. Ka zuba, sama ta dama maka. Haka kakanki ya yi, haka na tarar."

Bachan ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kakanta kashin kaji yake zubawa, Genzo, da ɗan kwando. Ba wannan farar tsakuwar ba da kake watsawa kamar kana ciyar da tattabaru."

"Bachan, ci abincinki."

"Ci nake. Baki ne da ni mai aiki biyu."

Baba ya juyo kaina. "In ya miki yawa, Masaomi-kun ya ce zai zo ya kama miki."

"Zan iya," na ce da sauri, har na ƙware.

Masaomi shi ne wanda Baba ya ƙyalla ido a kai. Ɗa na biyu ne a gidan Iitsuka, dillalin taki, kuma ya yarda in an yi aure ya tare a gidanmu ya ɗauki sunan Numajiri, tunda ni kaɗai iyayena suka haifa. Ba mugu ba ne, kar ku zage shi. Yana kawo wa Bachan busasshen dankali, yana kai Baba asibiti a farar motarsa. Amma tun ranar farko yake ce min "Kozue-chan" ba wanda ya ba shi izini, kuma in ya kalli gonarmu sai na ga kamar auna ta yake. Baba bai taɓa ce min dole ba. Cewa kawai yake, "Wanda zai shigo gidan nan sai ya san ciyawa." Sannan ya kalli hoton Mama da ke kan ɗan akwatin turare, ya yi ajiyar zuciya. Wannan ajiyar zuciyar ta fi dole nauyi.

Na shige rumfar kaya na zauna a kan buhu, na ciro waya. Saƙon Shunpei na ƙarshe yana nan tun bara: "Ba laifinki ba ne." Ban amsa ba a lokacin, kunya ta hana ni, daga baya kuma kunyar rashin amsawar ta ƙara hana ni. Na rubuta na goge ya fi sau takwas. Daga ƙarshe na runtse ido na tura:

"Sakayori-san, tambaya ce. In dole mutum ya zuba taki kusa da ƙorama, yaya zai yi?"

Ko minti biyu ba a yi ba.

"Kar a zuba in ruwa mai ƙarfi na tafe. A bari ya wuce, ƙasa ta tsane."

"Rabin abin da aka saba ya isa. Ragowar ba ciyawa ke ci ba, ƙorama ke sha."

"A bar taku biyar daga bakin ruwa. Wanda ya zube a kan siminti a share a mayar cikin ciyawa."

Ba gaisuwa, ba ina kika shiga. Na zauna ina kallon ɗigo ukun nan na alamar yana rubutu. Su fito, su ɓace. Su fito, su ɓace. Zuciyata na bin su.

"Babana ya ce in 'ya'yan kifin bana suka mutu zai cike kududdufan da ƙasa. Ni kuma in tafi Niigata wajen kawuna."

"Ba don ki ji nauyi na faɗa ba."

Niigata. Bayan duwatsu, inda ƙanƙara ke rufe ƙofar gida. Kun san me na amsa? "Na gane." Kalma biyu. Na kifa wayar a cinya na ciji hannun rigata.

Ba zan iya ce wa Baba a'a ba. Ba zan iya zuba takin ba. Don haka ranar Talata na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba.

Na kwashe buhunan goma sha biyu na jibge su bayan kurmin gora na rufe da tamfol. Na sa hular gona mai rufe wuya, na ja safar hannu har gwiwar hannu, na ɗauko keken watsa taki, fanko, ba ko ƙwaya ɗaya a ciki, na fara turawa. Daga barandar gidanmu ana hango saman gonar, kuma na san Baba na zaune a can da matashinsa. Na je ƙarshe, na juyo. Na je, na juyo. In na yi layi huɗu sai na ɓace bayan gora kamar na je ɗebo wani buhun, na tsaya na ƙirga ɗari, na dawo. Awa uku cur ina tura iska. Har gumi na yi na gaske. Wani lokaci Baba ya ɗaga min hannu daga nesa, ni ma na ɗaga masa, na ji kamar ƙasa ta tsage na shige.

Da na dawo ina cire takalmin roba a bakin ƙofar baya, sai ga Bachan da kwanon wanke shinkafa. Ta kalli takalman, ta kalle ni.

"Yau keken naki shiru yake, ko tsaki ba ya yi."

Na ci gaba da jan takalmin.

"Buhu goma sha biyu, amma takalmi tas kamar na amarya."

"Bachan…"

Ta koma ciki. Na ce shi ke nan, kashina ya bushe. Sai ga ta ta dawo da garin shinkafa a tafin hannu, ta barbaɗa a kan takalman, ta ɗan shafa a gwiwar wandona.

"In za ki yi ƙarya ki yi mai kyau," ta ce. "Uwarki ma ba ta iya ba."

Ruwan ya zo ranar Laraba, bai ɗauke ba sai Alhamis da yamma. Ina tsaye a tagar ɗakina ina kallon yadda yake gudu a kan ciyawa yana faɗawa ƙorama, ina cewa a raina, tafi, ba ka ɗauke da komai. Can gangare na hango Shunpei cikin rigar ruwa mai ruwan ɗorawa yana zagaya kududdufai. Ya tsaya, ya duƙa, ya ɗebi ruwa a kwalba ya ɗaga sama yana dubawa. Bai kallo gidanmu ba. Ni dai na tsaya har gilashin ya yi hazo da numfashina.

Ranar Asabar ƙasa ta tsane, Masaomi ya zo ya ɗauki Baba zuwa asibiti. Motar na ficewa na ruga. Na tsaya a bakin ƙorama na yi taku biyar, na ɗan buɗe ƙafa don kar takuna ya gaza nasa. Na kafa turke, na ja igiya daga wannan ƙarshen gona zuwa wancan, ta miƙe sambal kamar yadda Baba ya koya min tun ina 'yar shekara tara. Na zuba buhu shida daga igiya zuwa sama. Na ɗauki tsintsiya na share duk ƙwayar da ta faɗa kan simintin hanya. Na naɗe igiyata na koma gida na dafa abincin rana.

Igiyar nan ita ce kuskurena. Da na yi shi a karkace, da an ce hannu ne ya kuɓuce. Amma 'yar gidan Numajiri ba ta iya layi a karkace ba. Kuma ciyawa ba ta riƙe sirri.

Kwana takwas ta tona ni. Gonar ta yi kore shar, amma duk tsawon bakin ƙoramar ga wani shafi mai haske, kamar an ɗinka wa koren zani baki da wani yadi dabam. Daga baranda gora ta kare shi. Daga kan hanya kuwa ko makaho ya shafa ya ji.

Sai ga Lahadin yasar ƙorama, ranar da kowane gida ke tura mutum ɗaya da shebur a kwashe laka da ciyayi. Na san Shunpei ne zai wakilci gidansu. Ku yi min dariya in kun so: hular gona idanu kawai take bari a waje, amma na yi minti ashirin ina zaɓen ƙyallen wuya. Na ɗaura shuɗin nan mai zanen mazari, na kwance, na sa fari, na sake komawa shuɗin. Ina fitowa na tarar Baba ya sa takalmi yana riƙe da sanda.

"Bayan ya yi sauƙi. Zan je na ga gonata."

Bayansa kuma ga Masaomi cikin sabon takalmin roba, ko takardar kanti bai gama ɓarewa ba.

Mutum kusan ashirin ne a bakin ƙoramar, kuma ba wanda ke aiki. Duk sun jingina da shebur suna kallon gonarmu. Tsoho Tsukamoto, wanda bakinsa ba ya ƙulli, shi ya fara hango mu.

"Genzo! Zo ka gaya mana, sabon yayi ne? Gona mai kwalliya a gefe?"

Aka kwashe da dariya.

"Ko takin ne ya zo bakin ruwa ya tuna abin da ya yi bara, ya ji kunya?"

Baba ya bi layin da ido daga farko har ƙarshe. Na ga jijiyar wuyansa ta motsa. A ɗaya gefen ƙoramar Shunpei na tsaye cikin ruwa har ƙwauri, tsohuwar hularsa a kai. Ya rame. Ban kalle shi ba, amma na san ya rame.

"Mai saye ba zai ɗauki wannan ba," in ji Baba a hankali. "Falle ɗari huɗu."

"Ba matsala, Baba," Masaomi ya yi caraf. Ku ji fa, wai Baba. "Akwai taki na ruwa a mota, mai saurin aiki. In na fesa yau, kwana uku ya kamo sauran. Kozue-chan ta gaji ne ranar, kowa na kuskure."

An ce Talata akwai wani ruwan. Kowa a wurin ya sani. Na ga hannun Shunpei ya ƙara damƙe ƙotar shebur.

Baba ya juyo ya dube ni. Ya san layin igiya in ya gani, shi ya koya min. Ƙofa ya buɗe min don na fice ba kunya.

"Kuskure ne, ko?"

Cewa "eh" kawai zan yi. Ni da na yi shekara ashirin da uku ina cewa eh. Ina jin ƙarar ruwa kamar a cikin kunnena yake gudu.

"Ba kuskure ba ne, Baba."

Ban san muryata na da ƙarfi haka ba.

"Aunawa na yi. Taku biyar. Kuma ba ranar Talata na zuba ba, keken fanko ne. Sai da ruwa ya wuce. Buhu shida na sa. Sauran shidan suna bayan gora."

Duk idanu suka koma saman gonar.

Tsoho Tsukamoto ya cire hularsa ya sosa sanƙo yana kallon saman gonar. "Wannan koren da buhu shida? Kai, Genzo! Ashe shekara talatin ƙorama kake yi wa hidima."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, sai wata tsohuwa da ta kai masa duka a kafaɗa ta ce ya rufa wa mutane baki. Baba ya dogara sandarsa ya matsa bakin ruwa, ya duƙa duk da bayan. Ruwan garau yake, ana ganin tsakuwar ƙasa, ga wasu mitsi-mitsin kifaye suna tsaye suna fuskantar inda ruwan ke fitowa. Ya daɗe yana kallo.

Sai Shunpei ya cire hula, ya sunkuya. Ba ni ya sunkuya wa ba, ba kuma Baba ba sosai. Kamar wannan shafin ciyawar mai haske ya sunkuya wa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba, na ɗauko?" in ji Masaomi.

"Bar shi a mota."

Baba ya juya ya kama hanyar gida shi kaɗai, bai ko kalle ni ba.

Bai ci abincin rana ba. Ya zauna gaban hoton Mama ya kunna turare, sandar ta ƙone ya kunna wata. Na kai shayi na dawo da shi ya huce. Bachan na gyaran saiwar bado a kicin tana cewa, "Rabu da shi, girman kai ne ke narkewa, yana ɗaukar lokaci kamar kitse." Ni dai na kasa zaune na kasa tsaye. Na kunyata ubana a gaban gari. Wayata kuma shiru.

Wajen ƙarfe biyar na yamma ina riƙe da butar shayi, sai na ji ƙarar babur. Na ce a raina, yanzu zan ji ƙarar murfin akwatin wasiƙa.

Ƙararrawa aka danna.

Kafin na ajiye butar, Baba ya riga ni. Da sandarsa, da ciwon bayansa, ya riga ni zuwa ƙofa. Na laɓe bayan ƙyauren takarda, butar na ƙona min yatsu ban ma ji ba.

"Barka da yamma. Ga allo." Muryarsa. Shekara guda.

Na ji Baba ya karɓi allon.

"Ka iya yankan ciyawa?" in ji Baba.

"Ban iya ba."

"Ɗaure dami fa?"

"Shi ma ban iya ba."

"To me ka iya?"

"Tashi da wuri."

Na ji Baba ya yi wani ɗan tari, ban sani ba ko dariya ce ya haɗiye.

"Falle ɗari huɗu ne a bakin ƙorama, ba mai saye. Wanda aka ƙi zuba taki dominsa shi zai kwashe kayansa. Ka shimfiɗa a bakin kududdufanku, ya riƙe muku ƙasa. Gobe ƙarfe biyar. Ita za ta nuna maka, tunda ta fi ni sani yanzu."

Ƙofa ta rufe. Baba ya wuce ta gabana ya miƙo min allon ba tare da ya dube ni ba. "Buga hatimi. Kuma ki zubo min shinkafa."

Ina cikin neman hatimin wayar ta yi motsi a aljihuna.

"'Ya'yan kifin sun fi dubu uku, duk suna iyo."

Ɗigo uku. Su fito, su ɓace.

"Kozue-san. Na ce wa kawu ya jira."

Karon farko ke nan da ya kira ni da sunana, na karanta har sau ban san adadi ba. Sai daga baya idona ya sauka kan kalmomin ƙarshe. Ya jira. Bai ce ya fasa ba. Damina ko rabi ba ta yi ba, zafin da ke kawo gansakuka yana gaba, kuma gonaki goma sha ɗaya ne ke zubar da ruwansu a ƙoramar nan. Tamu ɗaya ce kawai.

Na ciro safar hannun Mama daga akwati, ita ce babba, ƙila ta shige shi. Na ajiye ta kusa da tawa a bakin ƙofa. Sannan na haura ɗakina na leƙa ta taga. Daga nan sama gora ba ta kare komai. Rana na shirin faɗuwa, gonar duk ta yi duhu-duhu, sai wannan shafin kawai ke haske, miƙe sambal daga ƙasan gidanmu har inda kududdufansu suka fara. Gobe da hannunmu za mu yanke shi.